Daga Nan Zuwa Inda Sama Ta Taɓa Ruwa

Kilomita 5 ne. Kai, bai ma cika ba! Duk faɗin nan da kake gani idan ka tsaya a fili fetal, ka miƙa ido har can inda sama ta sauko ta taɓa ƙasa, tafiyar sa'a guda ce a ƙafa. Wanda ya kama hanya bayan La'asar zai taka wurin tun rana tana da sauran tsayi. Tun da na ga wannan abu da idona na kasa yin shiru da shi, kuma duk wanda na faɗa wa sai ya ce, "Haba dai!"

A Jidda abin ya same ni, a bakin Bahar Maliya, bayan mun sauke Umara. Ɗan yayata mai karatun injiniya ne ya ja ni mu sha iska kafin ranar jirginmu ta zo. Ranar garin ya washe, babu hazo ko kaɗan, ruwa a kwance luf. Ga manyan jiragen dakon kaya can suna jiran layin shiga tasha. Na kusa da mu a fili suke, har jan fentin da ke ƙasan cikinsu ana gani. Amma akwai wani can baya wanda babu abin da ya fito nasa sai farin benen da matuƙa ke zama da kawunan kwantenoni. Gangar jikinsa babu ita.

"Kawu, ina sauran wancan jirgin?" in ji yaron.

Na ce, "Ko nisa ne ya cinye shi?"

Bai ce komai ba, sai ya miƙo mini ƙaramin madubin hangen nesa da ya sayo a kasuwar Balad. Na ɗora a ido. Benen ya matso, ya girma, har tagoginsa na rarrabe. Amma ƙasan jirgin bai dawo ba. Layin ruwa ya yanke shi tsaf. Da nisa ne, da madubi ya dawo da shi, tunda ya dawo da tagogin da ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari na girmansa ba.

"Ruwan ne ya tare mana shi, Kawu. Ya yi tozo tsakaninmu da jirgin. Zo mu hau sama ka gani."

Muka tsallaka titi da sauri, muka hau wani gini mai wurin shan shayi a rufinsa. Ina haki na sake ɗora madubin. Subhanallahi! Ga jirgi nan cikakke, ga baƙar gangar jikinsa, ga farin kumfa yana dukan gefensa. Jirgin yana nan inda yake a ɗaure. Ni ne na motsa, kuma ban matsa gaba ko taku ɗaya ba, baya ma na ja. Sama kawai na yi, teku ta sakar mini abin da ta ɓoye.

Kowa ya ji a makaranta cewa duniya dunƙulalliya ce. Amma gani ya kori ji. A tsaye nake ina kallon lanƙwasar duniya da ƙwayar idona, kuma a kusa take, kusa ƙwarai. Ka kifa ƙwarya ka ɗora tururuwa a bayanta: duk inda ta juya, ƙwaryar gangarawa take yi tana guje mata, ba ta ganin komai sai ɗan wurin da ke kewaye da ita. In ta ɗaga kai, wurin ya ɗan ƙaru. Haka muke. A kilomita ta farko doron ƙasa yana sauka da kimanin santimita 8 kawai daga miƙaƙƙen layi, abin da ba wanda zai lura da shi. A kilomita 2 ya haura santimita 30. A kilomita 10 ya kusa mita 8. Jirgin da ke kilomita 15 daga mutumin da ke tsaye a gaɓa, mita 7 ko 8 na ƙasansa suna bayan ruwa, tsayin bene mai hawa biyu ke nan.

To ido fa? Ido ba shi da laifi. Idon nan da ya tsaya a kilomita 5 shi ne yake ganin jinjirin wata, wanda ke nesa da mu da kimanin kilomita 384,000. A dare mai duhu, nesa da fitilun gari, yana iya tsinkayo tarin taurarin da ake kira Andromeda, wanda haskensa ya yi tafiyar shekara miliyan 2.5 kafin ya iso. Ƙasa ce take sunkuyawa ta fita daga layin gani.

A kan teburin mai shayin yaron ya koya mini lissafin, a bayan takardar kuɗin shayi, kuma wallahi ɗan firamare zai iya shi. Ka auna tsayin idonka daga ƙasa da mita. Ka ninka sau 13. Sai ka nemi lambar da in an ninka ta sau kanta za ta ba da abin da ka samu. Wannan lambar ita ce nisan ganinka da kilomita. Dogon mutum da idonsa ke mita 2: biyu sau 13 ya ba da 26, biyar sau biyar kuwa 25 ne, ke nan kilomita 5 da ɗan ɗoriya. Matsakaicin mutum mai ido a mita 1.7, kilomita 4.7. Wanda ke zaune a tabarma, kilomita 3 da 'yan kai. Wanda ke kan raƙumi, idonsa a wajen mita 3, ya wuce kilomita 6.

Na ce, "Ita 13 ɗin daga ina ta fito?"

Ya yi murmushi. "Kaurin duniya ne, Kawu. In ka huda ta daga nan ka ɓulla ta ɗaya gefen, kilomita 12,742 ne. Kusan dubu 13."

Tsigar jikina ta tashi. Ashe girman duniya ɗungurungum yana cikin wannan ɗan layin da nake kallo. Da duniya ta fi haka ƙanƙanta, da layin ya matso. A kan wata, wanda kaurinsa bai kai kashi ɗaya cikin uku na namu ba, mutumin nan mai ganin kilomita 4.7 zai tsaya ne a kilomita 2.4.

Daga nan na shiga jefa masa tsayi yana jefo mini nisa. Hawan mita 10? Kilomita 11. Mita 100? Kusan 36. Kan Dutsen Zuma, wanda ya ɗara filin da ke kewaye da shi da kimanin mita 300? Kilomita 62. Ƙololuwar hasumiyar agogo ta Makka, mai mita 601? Kusan 88. Jirgin sama a mita 10,000? Kusan kilomita 360. Wato in jirgi yana saman Kano a wannan tsayi, Katsina da Maraɗi da Damagaram da Bauchi da Jos da Kaduna duk suna cikin da'irar da ƙasa ba ta ɓoye masa ba. Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, wadda ke shawagi a wajen kilomita 400, tana hango kusan kilomita 2,300 ta kowace fuska: daga saman Kano, Legas da Accra da Bamako da Agadas da Njamena kallo ɗaya ne. Duk da haka kashi 3 cikin ɗari kacal na doron duniya take gani a lokaci guda.

Dubi yadda abin yake rowa. In kana son ninka nisan ganinka sau biyu, sai ka ninka tsayinka sau huɗu. In kana son sau goma, sai ka hau sau ɗari. Mita 10 na farko sun ba ka kilomita 11, amma daga mita 90 zuwa 100 ko kilomita 2 ba za ka ƙara ba. Na waiwaya wajen tekun na tuna cewa Sudan tana can tsallake, inda a da alhazanmu na ƙafa suke shiga jirgin ruwa a Sawakin. Daga Jidda zuwa Port Sudan, a wancan tsallaken, kusan kilomita 290 ne. Na tambaya, wane tsayi zan hau in hango can? Ya buga ya ce wajen mita 6,600. Kilimanjaro, dutsen da ya fi kowanne tsayi a Afirka, mita 5,895 ne. Ko an ɗauko shi an dasa a Jidda, a wannan lissafi na samansa ba zai ga Port Sudan ba.

Amma akwai wani ɓangare inda abin ba ya rowa, kuma shi ne ya fi burge ni. In ka bar maganar nisa ka auna faɗin filin da ido ya kewaye, kowace mita ɗaya da ka hau tana ƙara maka murabba'in kilomita 40. Kowace mita! Ta farko 40, ta ɗari ma 40. Dalili kuwa, zagayen duniya kilomita 40,000 ne, kuma filin da kake gani daidai yake da zagayen duniya sau tsayin idonka. Mutumin da ke tsaye yana ganin murabba'in kilomita 68. Doron duniya gaba ɗaya murabba'in kilomita miliyan 510 ne. Ke nan rabonsa kashi ɗaya ne cikin miliyan 7 da rabi. Yaya ƙasa ba za ta yi masa kama da shimfiɗaɗɗiya ba?

Sannan tsayi biyu haɗuwa suke yi, naka da na abin da kake hange. Kai kana da naka nisan, shi yana da nasa, sai a tara. A nan ne tunanina ya dawo gida da gudu. Bahaushe ya ce hangen Dala ba shiga birni ba ne, kuma wanda ya fara faɗar wannan matafiyi ne da ƙafarsa ta auna abin. Mita 534 da ake cewa tsayin Dala, daga doron teku ake ƙirgawa, birnin Kano kansa kuwa yana sama da mita 450. Ko mita 40 kawai muka ba dutsen a kan filin da ke kewaye da shi, nisansa ya kai kilomita 22, a ƙara da kusan 5 na mai tafiya, 27 ke nan. A zamanin da babu benaye babu hayaƙi, falke zai iya hango kan Dala da hantsi, ya wuni yana kora jakunansa, rana ta faɗi bai kai ƙofar gari ba.

Magabatanmu ba su rubuta 13 ɗin nan ba, amma sun gina da ita. Hasumiyar Gobarau a Katsina wajen mita 15 ce, kuma an yi amfani da ita wajen tsaron gari: wanda ke samanta yana ganin kilomita 14, ninki uku na wanda ke ƙasa, filin da idonsa ya rufe kuwa ya kusa ninki tara. Ƙurar dawaki tana tashi sama, saboda haka tun kafin nan zai ga alamarta, a samu lokacin kora dabbobi ciki a rufe ƙofofi. Hasumiyar babban masallacin Agadas, wadda aka gina a 1515 aka sabunta a 1844, mita 27 ce ta zallar laka da itace. Daga samanta kilomita 18 da ɗoriya. Mai raƙumi da ke tahowa daga fili zai iya tsinkayo kanta tun yana wajen kilomita 25. Irin wannan lissafi ne ya sa ake miƙa turakun sadarwa da na gidajen rediyon FM sama, domin saƙonsu ma kusan a miƙe yake tafiya, ƙasa tana tare shi yadda take tare ido.

Muka sauko kafin faɗuwar rana, domin yaron ya ce akwai sauran abu ɗaya. Ya kai ni daf da ruwa. Muka jira har rana ta yi jajir, zafinta ya mutu, ta nutse saura ɗan baki, don kada mutum ya cuci idonsa.

"Kawu, kwanta rub da ciki. Da ta ɓace ka zabura ka miƙe."

Na kwanta, haɓata a kan yashi mai ɗumi, ruwa yana zuwa yana komawa a gabana. Jan bakin ya ƙanƙance, ya zama ɗigo, ya ɓace. Na zabura. Ga ta nan! Ga jan bakin nan ya sake fitowa a saman ruwa, yana ci kamar bai taɓa tafiya ba. Na tsaya baki buɗe har ya sake nutsewa. Rana ta faɗi sau biyu a gabana a yammaci guda. Tsakanin faɗuwar farko da ta biyu sakan kaɗan ne, lissafi ya ce ba za su wuce 10 ba, kuma waɗannan sakan ɗin su ne lokacin da duniya ta ɗauka tana juyawa kafin ta rufe ratar da tsayina ya buɗe. Da gwiwoyina na auna juyawar duniya!

Wannan magana ta shiga har cikin ibada. A 2011 malamai a Dubai suka yi wa mazauna Burj Khalifa, ginin nan mai mita 828, bayani game da buɗe-baki: wanda ke sama da hawa na 80 ya jinkirta da minti 2 bayan na ƙasa, wanda ke sama da hawa na 150 kuwa minti 3, domin su rana ba ta faɗi musu ba tukuna. Gida ɗaya, Magariba uku. A mita 10,000 ratar ta haura minti 10, shi ya sa mai azumi a jirgin sama yake duban taga.

Da daddare a masauki yaron ya ambaci wani suna da ya hana ni barci: Abu Raihan al-Biruni. An haife shi a 973 a Khwarazm, a tsakiyar Asiya, kuma bayan 1017 ya koma ƙarƙashin Sarki Mahmud na Ghazna. Tun kafin shi, wajen shekarar 830, Halifa Ma'amun ya tura masana cikin hamada suna tafiya suna auna ƙasa suna duban taurari, don su gano girman duniya. Aiki ne na ayari guda. Biruni ya nuna cewa mutum ɗaya da dutse ɗaya sun isa. A Nandana, wani sansani a ƙasar Punjab cikin Pakistan ta yau, ya sami dutsen da ke kallon shimfiɗaɗɗen fili. Da farko ya auna tsayin dutsen daga ƙasa, ta hanyar duban ƙololuwarsa daga wurare biyu da ya san ratar da ke tsakaninsu. Sai ya hau. Daga sama ya duba inda sama ta taɓa ƙasa, ya auna yadda layin ya sunkuya ƙasa da daidai idonsa. Domin sunkuyawa yake yi: iya hawanka, iya saukarsa. Ya sami kaɗan fiye da rabin digiri. Da waɗannan lambobi biyu ya fitar da nisan da ke tsakanin doron ƙasa da cibiyarta. In aka mayar da kamunsa zuwa awon yau, galibi ana samun wajen kilomita 6,340. Awon zamani ya ce 6,371.

Mu mun san girman duniya muka nemi nisan gani. Shi ya bi hanyar ta baya, daga gani ya nemo girman duniya, shekara dubu da suka wuce, babu madubi babu kwamfuta. Masana suna cewa akwai sa'a a kusancin lambarsa, domin kuskure ɗan ƙarami a awon wannan sunkuyawa yana sauya amsa da yawa. Na yarda da su. Amma dabarar ba sa'a ba ce, sahihiya ce, kuma a ganina abin takaici ne yaro ya gama sakandare a garuruwanmu, ga duwatsu ko'ina, ba a taɓa hawa da shi ko ɗaya an nuna masa wannan ba.

Iska ma tana da hannu a ciki. Ta ƙasa ta fi ta sama kauri, saboda haka haske yana ɗan lanƙwasawa ya bi bayan duniya, ya ƙara wa mai gani kimanin kashi 8 cikin ɗari. Mai kilomita 4.7 sai ya sami 5. In ƙasa ta yi zafi sosai sai lanƙwasar ta juya, a sami kawalwalniyar da direbobi ke gani a kwalta da rana tsaka. In aka dace da iska mai sanyi mai tsabta, da dogayen duwatsu biyu, abin da ake gani ya wuce hankali. A watan Yulin 2016, daf da fitowar rana, Marc Bret ya tsaya a kan dutsen Finestrelles a tsaunukan Pyrenees ya ɗauki hoton dutsen Gaspard a tsaunukan Alps na Faransa. Tsakaninsu kilomita 443.

Mu a nan abin da ya fi tare mu hazo ne. Daga Nuwamba zuwa Maris ƙurar da iskar hunturu ke kwasowa, mafi yawa daga kwarin Bodele a Chadi, takan rufe gari har mutum ya kasa ganin kilomita 1, jirage su kasa sauka. A irin wannan rana ko kan Zuma ka hau ba za ka ga komai ba. Lokacin gwaji shi ne damina, da safe, bayan an kwana ana ruwa. Kuma ba sai an je teku ba. Ruwa mai faɗi kawai ake bukata, domin shi ne yake bin lanƙwasar duniya babu tudu babu kwari, kuma tafkin Kainji ya isa. Mutumin Yawuri ya kwanta a gaɓa, idonsa kamar santimita 30 daga ruwa, ganinsa kilomita 2 ne. Ya bi kwalekwalen masunci da madubi yana nisa. Wajen kilomita 4 da rabi jikin kwalekwalen zai shige bayan ruwa, a bar mutum zaune yana tuƙi. Wajen kilomita 6 kansa ma zai tafi. A lokacin sai mai kallo ya miƙe tsaye, zai ga masunci da kwalekwalensa sun dawo kusan gaba ɗaya.